Arahar manyan kantuna: wa yake biyan ragin da ake yi maka?

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya shiga, gardamar nan takan taso a ofisoshi da majalisun Kaduna: cefanen wata ya fi sauƙi a babban kanti ko a kasuwa? Masu goyon bayan kanti suna da hujja, don sun taɓa ganin galan ɗin mai ko gwangwanin madara da kuɗinsa bai kai na shagon unguwa ba. Masu goyon bayan kasuwa su ma suna da tasu, don babu kantin da zai ba ka tumatir a farashin kasuwar Bakin Dogo. Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne kowa farashin da ke manne a jikin kanta yake dubawa, alhali wannan wani yanki ne kawai na abin da ya fita daga aljihun mai saye. Kamfanonin da suka yi suna a duniya wajen sayar da kaya da araha, irin su Walmart da Aldi da Lidl da Costco, kowannensu akwai nauyin da ya sauke daga kansa ya aza wa mai saye. Wani kuɗin mota ya bar maka, wani wurin ajiya, wani ya rage maka zaɓi, wani kuma ya mai da kai ɗan dakon kanka. Sai ka san wanne aka aza maka kafin ka ce ka ci riba.

Tushen sana'ar lissafi ne da kowane ɗan sari ya sani. A ce 'yan kasuwa biyu, kowanne da jarin naira miliyan 10. Na farko yana ɗora ribar kashi 25 cikin 100, amma sai kayansa sun yi wata huɗu kafin su ƙare, wato sau 3 yake juya kuɗinsa a shekara, ya tashi da miliyan 7.5. Na biyu kashi 10 kawai yake ɗorawa, kayansa kuma duk wata suke ƙarewa, ya juya sau 12, ya tashi da miliyan 12. Wanda ya fi araha shi ya fi samu. Akwai kuma ƙari: idan masana'anta ta ba ka kaya a kan ka biya bayan kwana 30, kai kuma ka sayar da su cikin kwana 25, to da kuɗin masana'anta kake kasuwanci, naka suna ajiye. Duk dabarun da za a ambata a ƙasa hanyoyi ne na sa kaya su fita da sauri, kuma kada a kashe ko sisi a kan abin da ba zai ƙara wannan saurin ba.

Walmart ya bi ta hanyar girma. Sam Walton ya buɗe kantin farko a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas a Amurka, ya kuma sa ƙarfinsa a ƙananan garuruwan da manyan kamfanonin lokacin suka raina. Tsarinsa shi ne a kafa katafaren sito guda, a kewaye shi da kantuna waɗanda tirela za ta iya kaiwa gare su cikin yini ɗaya. Kaya da yawa ma ba sa kwana a siton: motar masana'anta ta sauke ta wannan ƙofa, a rarraba, a loda wa motocin kantuna ta waccan. Tun 1987 kamfanin ya haɗa rassansa da hedikwata ta tauraron ɗan'adam, don a san abin da ya fita daga kowace kanta a kuma aiko da madadinsa kafin wurin ya zama fanko. Yau cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 600, amma ribar da ke saura bayan an cire komai ba ta wuce dala 2 zuwa 3 a kowace dala 100 ba. Da wannan girman yake matsa wa masana'antu su rage masa farashi, don wanda Walmart ya daina saye a wurinsa ya ga ta kansa.

Mai saye fa, me ya gani? Babban reshen Walmart ya fi filin ƙwallo biyu faɗi, nau'in kayan da ke ciki ya haura 100,000, daga madara zuwa tayar mota. Irin wannan gini sai a bayan gari, inda fili ke da araha, don haka dole mota, dole mai, dole lokacin zagaye. Kuma wanda ya shiga neman sabulu da wuya ya fito da sabulu kaɗai. Tsarin bai ci ko'ina ba. Walmart ya shiga Jamus a 1997, ya tattara ya fita a 2006 da asara, saboda ya tarar da waɗanda suka riga shi iya araha.

Waɗannan su ne Aldi da Lidl, kuma su ne suka fi cancantar ɗan kasuwar Arewa ya zuba musu ido. 'Yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a birnin Essen a 1946, lokacin da Jamus ke cikin talaucin bayan yaƙi. A farkon shekarun 1960 suka raba kamfanin gida biyu, na arewa da na kudu, har yau kuma haka yake. Dabarar Aldi kishiyar ta Walmart ce: ƙaramin kanti a kusa da gidajen mutane, nau'in kaya bai kai 2,000 ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da sunan da kamfanin ya ƙirƙira wa kansa ake sayar da su. Hikimar tana cikin rage zaɓin. Kantin da ya jera tumatirin gwangwani iri 12 ya raba odarsa gida 12, kowace masana'anta ta sami ɗan kaɗan, babu wadda za ta yi masa ragin kirki, wasu gwangwanayen kuma su yi kwantai har su lalace. Wanda ya ajiye iri ɗaya ko biyu, oda ɗaya ce jibgegiya, masana'anta za ta kwana tana yi masa aiki, kuma babu kuɗin talla a rediyo da talabijin da za a ɗora a kan gwangwanin.

Sauran tsimin a bayyane yake ga duk wanda ya shiga. Ba a fitar da kaya ɗaya-ɗaya a jera. Katan ɗin ake yage wa baki a ɗora shi yadda yake, shi ya sa ake buga katan ɗin da launin abin da ke ciki. Keken zuba kaya a ɗaure yake da sarƙa, sai ka sa tsabar kuɗi, senti 25 a Amurka ko fam ɗaya a Ingila, sannan ya saku, in ka mayar da shi ka karɓi kuɗinka. Da wannan kaɗai an huta da ɗaukar ma'aikacin da zai riƙa bin kekuna a filin ajiye motoci. Leda saye ake yi. Zanen layukan da na'ura ke karantawa ana buga shi dogo, a fuska biyu ko uku ta kwalin, don kada mai karɓar kuɗi ya ɓata daƙiƙa yana jujjuya kaya. Yana zaune, yana turo kaya da saurin da baƙo kan rikice, ba ya kuma zuba maka a leda. Can gefe akwai dogon benci, ka tura kekenka ka shirya abinka da kanka. Ma'aikata kaɗan ne, wanda ke kan na'ura yanzu shi ne mai jera katan an jima. Lidl, wanda ya buɗe kantinsa na rangwame na farko a 1973, kusan haka yake, sai dai ya fi ajiye kayan sanannun kamfanoni, yana kuma gasa burodi a cikin kanti. Da tsadar rayuwa ta matsa wa mutanen Ingila, masu jin kunyar a gan su a irin waɗannan kantuna sun aje kunyar, har a 2022 Aldi ya ture Morrisons ya zama na huɗu a girma a ƙasar.

Costco kuwa sai ka biya kafin ka shiga. An kafa shi a Seattle a 1983, ya haɗe da wani kamfani irinsa mai suna Price Club a 1993. Katin zama mamba mafi ƙanƙanta dala 65 ne a shekara a Amurka tun Satumban 2024. Ciki sito ne kawai, daɓen siminti, kaya a kan katakon lodi, nau'insu wajen 4,000, kuma komai a manyan ƙunshi. An san kamfanin da ƙa'idar cewa ba ya ɗora fiye da kashi 14 a kan kayan wasu, kashi 15 a kan nasa mai suna Kirkland Signature. Yana iya haka ne saboda kuɗin katin, wanda ya kai wajen dala biliyan 4.8 a 2024, ya haura rabin ribar kamfanin. Gasasshiyar kazarsa ta shekara da shekaru a dala 4.99, har sai da ya gina wa kansa mayankar kaji a jihar Nebraska a 2019 don kada farashin ya motsa, kuma a can ƙuryar sito ake ajiye ta, sai ka ratsa talabijin da tufafi da kayan ciye-ciye kafin ka isa. Lissafin mamba mai sauƙi ne: idan ragin da kake samu kashi 10 ne, sai ka yi sayayyar dala 650 kafin kuɗin katin ya dawo. Tsari ne na mai babbar mota, mai firiza, mai wutar da ba ta ɗaukewa, mai kuɗin da zai iya binnewa a cikin kayan wata uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Talakan Amurka da ba shi da wannan ruwan cikin yana ƙarewa ne a irin su Dollar General, mai rassa wajen 20,000, yawanci a ƙauyuka da unguwannin marasa ƙarfi. Ƙunshinsu ƙanana ne, kuɗin da za ka miƙa kaɗan ne, amma in aka auna da giram sau da yawa sun fi na babban kanti tsada. Mai sayen ƙullin sukari da ƙullin omo kullum safiya a Rigasa ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.

To me ya faru da aka kawo irin wannan kasuwanci Najeriya? Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshensa na farko a Legas a Disambar 2005. A ƙasarsa kantin talaka ne, da araha ya yi suna. A nan kuwa ya shigo ne a cikin manyan rukunan shaguna masu sanyi da tsadar haya, sai ya zama wurin fita shaƙatawa da ɗaukar hoto ranar Sallah. Mutanen Kaduna da yawa sun fara ganinsa ne a Abuja ko a Ado Bayero Mall na Kano, wanda aka buɗe a 2014. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya ga masu zuba jari na cikin gida, bayan shekaru tana fama da faɗuwar naira da wahalar samun dala da jinkirin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Reshen Kano ya rufe a Janairun 2024. Kamfanin kantunan Game, wanda Walmart ke da iko da uwar kamfaninsa Massmart tun 2011, ya rufe nasa kantunan a ƙarshen 2022. Woolworths na Afirka ta Kudu ya riga su fita tun 2013. Wato Walmart ɗin ma, ta bayan gida, ya gwada ƙasar nan bai ji da daɗi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma a Kaduna sun fi fitowa fili. Na farko wuta. Kanti mai firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki ba ya iya kashe su ko na awa biyu, don haka ko dai yana kan layin waɗanda suka fi samun wuta, da ake kira Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ko yana ƙona gas a janareta, yawanci ma duka biyun. Mai tebur a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba ya biyan wannan. Na biyu hanya. Yawancin kayan gwangwani da na kwali daga Legas da Ogun suke tasowa, tafiyar wajen kilomita 900 in an biyo ta Lokoja da Abuja, ga shingaye, ga lalacewar mota. Tsarin Walton na sito ɗaya da kantuna kewaye da shi yana buƙatar rassa da yawa kusa da juna. Reshe ɗaya tilo a Kaduna, wani a Kano, wani a Abuja, kowanne kuɗin motarsa a kansa yake.

Na uku shi ne wanda masu saye ba su cika sani ba, kuma shi ya fi bayyana abin da ya sa katan ɗin taliya a kasuwa kan kayar da na kanti. Masana'antun Najeriya ta hannun diloli suke fitar da kayansu. Ana yanka wa dila adadin da zai sayar a wata ko a wata uku, in ya cika a ba shi lada, kaso kaza na abin da ya ɗauka. Idan wata ya zo ƙarshe bai cika ba, sai ya zubar da kaya a kan farashin da ya saro, wani lokaci har ƙasa da haka, don ladan da yake hange ya fi wannan 'yar asarar. Kayan nan a hannun 'yan sarin kasuwa suke faɗawa, da tsabar kuɗi, nan take. Babban kanti da ke karɓar kaya bashi, da takarda, a biya bayan makonni, ba ya samun wannan garaɓasar. Ga kuma harajin kayan masarufi na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020: kanti mai rajista dole ya karɓa a kan abin da dokar ta shafa, ko da yake ɗanyen abinci na yau da kullum ba ya ciki. A taƙaice, aikin da Aldi ke yi a Jamus na matse riba har ta koma 'yar mitsitsiya, a nan 'yan sari sun daɗe suna yinsa, a shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba, da yaro ɗaya da kalkuleta.

Na huɗu hauhawar farashi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Alƙawarin Walmart na farashi ɗaya mai sauƙi kullum ba ya yiwuwa a irin wannan yanayi, don wanda ya sayar a farashin jiya ba zai iya sake saro kayan gobe ba. Amma a nan akwai wata ƙofa ga mai lura. Ɗan kasuwa waya ɗaya ake bugo masa daga Legas ko kasuwar Singa ta Kano ya canja farashi kafin azahar. Babban kanti sai an shigar da sabon farashi a kwamfuta, an buga takardu, an bi kanta-kanta an manna, kuma sau da yawa sai tsohon kaya ya ƙare. Saboda haka lokacin da farashi ke hawa, kanti kan zama mafi araha na 'yan kwanaki, har ka ga masu shaguna sun shigo suna kwasar madara da mai, abin da ya sa wasu kantuna ke rubuta cewa mutum ɗaya ba zai ɗauki fiye da kaza ba. Lokacin da farashi ke sauka kuwa, da kaka ko in naira ta ɗan farfaɗo, kasuwa ce ke riga sauka, kanti ya bi ta a makare.

Wannan jinkirin shi ke haifar da matsalar da aka fi kuka da ita: a kanta an rubuta kaza, a wurin biya na'ura ta ce kaza. Wani lokaci sakaci ne, an canja a kwamfuta ba a canja takardar ba. Wani lokaci takardar ta kayan da ke gefe ce, ƙaramin gwangwani, aka tura babba ya zauna a kanta. Ko ma mene ne, dokar kare masu saye ta 2018 ta hana a karɓi fiye da farashin da aka nuna, kuma a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci a kan wannan. Maganinsa a hannun mai saye yake: ya karanta sunan kaya da nauyinsa a jikin takardar farashi, ya sa ido a allon na'ura lokacin da ake wuce da kayan, ya tsaya ya karanta rasit kafin ya fita ƙofa. Abu ɗaya da aka wuce da shi sau biyu ya isa ya cinye duk ragin ranar.

Wanda ke son ya kwatanta da gaske, ma'auni ɗaya zai mayar da komai: kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Katan ɗin taliya mai ƙunshi 20 na giram 500 kilo 10 ke nan. Jarkar mai ta lita 25 tana cika kwalbar santilita 75 sau 33 da ɗan saura, don haka in an gaya maka kuɗin kwalba, ninka shi 33 ka ga ko jarkar ta fi. Gwangwanin madara na giram 400 a kan naira 4,000, a misali, naira 10 ke nan kowane giram. Na giram 900 a kan 9,500 ya haura naira 10 da rabi, wato babban ya fi tsada, kuma hakan na faruwa fiye da yadda ake zato. A kuma riƙa duba nauyin da aka rubuta, don masana'antu sun koyi rage abin da ke ciki su bar ledar da girmanta.

Wahalar tana wajen awo. Mudu ba ɗaya ba ne: na wannan kasuwa daban da na waccan, akwai wanda aka bubbuge wa gindi ya shige ciki, akwai mai awon da ke cikawa ya yi tozo har ya tare da hannu, akwai mai shafewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi mudu ɗaya a wurin wanda aka saba da shi, a ɗora a sikeli sau ɗaya, a riƙe adadin. Buhun da aka ce kilo 50 ne shi ma a ɗora shi. Ɗinkin bakin da ba na masana'anta ba alama ce ta an buɗe an ɗiba, ko an juye wata shinkafar a buhun mai suna. A wannan fannin kanti ya fi kasuwa, don abin da aka rubuta shi ne a ciki. Kasuwa kuma tana da abin da kanti ba shi da shi. «Hajiya, albarka, ƙara dai wani abu.» «Haba Malam, jiya ma nan na saya.» A ƙarshe a sallama, a zuba gyara, tattasai uku ko ɗan dintsin wake. Gyaran nan in aka tara shi a wata ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ya fitowa a kowane rasit.

In aka bi kaya ɗaya-ɗaya, rabon a fili yake. Hatsi, kayan miya, doya, manja da nama na kasuwa ne. Masarar da ta taso daga Saminaka ko Giwa ko Soba hannu biyu ko uku ta ratsa kafin ta iso kasuwar Kawo ranar Talata. Wadda ke cikin leda a kanti an tankaɗe ta, an auna, an buga mata suna, an biya mata wuta. Tumatir a Bakin Dogo ba shi da firji, dole ya fita ranar, shi ya sa farashin yamma ba na safe ba ne. Kanti kuma ya fi a kan duk abin da jabunsa ke da haɗari ko sanyinsa ke da muhimmanci: madarar jarirai, man shafawa, maganin sauro, kifi da kaza daskararru, yogot. Ko a can ɗin a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, musamman a kan teburin «sayi biyu a ba ka ɗaya», don yawanci kayan da kwanansu ya ƙarato ne ake kaiwa wurin. Daskararren abin da ƙanƙara ta dunƙule a gefe ɗaya na ledarsa ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Araha ba ta ado.

Sai kuɗaɗen da ba a rubutawa. Wanda ya taso daga Rigasa ko Mando zuwa wani kanti a Barnawa ko titin Isa Kaita, ya dawo da shatar Keke Napep saboda kaya, sai ya raba kuɗin motar a kan abin da ya saya. Ragin naira 2,000 da aka kashe 3,000 wajen ɗauko shi ba ragi ba ne. A kasuwa ma akwai ɗan dako da mai baro da cajin mai POS. Sari da yawa yana da nasa ɓarnar: wake ya yi ƙwari in ba a zuba shi a jarka ko buhu mai leda biyu an toshe ba, naman wata guda ya lalace in taransifoma ta ƙone. Akwai kuma abin da duk magidanci ya sani ko da ba ya faɗa: katan ɗin da aka lissafa zai yi wata guda, in yara sun gan shi a buɗe, maƙwabta sun aiko a sammusu, baƙi sun sauka, kwana goma sha biyar ya yi da yawa. A gidan Bahaushe sito cike ba ya ɓoyuwa.

Duk da haka mutanen Kaduna sun riga sun samo hanyar cin ribar sari ba tare da katin Costco ba. Watanda ita ce misali mafi kusa: mutum goma su haɗa kuɗi, a sayi sa a Zango, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa a farashin da mahauci ba zai bayar ba. Haka ƙungiyoyin ma'aikata ke saro shinkafa da sukari da mai gabanin azumi a riƙa cirewa a albashi. An sami farashin mai saye da yawa, ba a bar wa mutum ɗaya nauyin jari da ajiya ba. Inda ake samun matsala shi ne rabo, don haka a yi shi da sikeli, a gaban kowa, a kuma fitar da kuɗin mota da na dako tun kafin a kasa.

Abin da babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke bayarwa shi ne bashi. Mai shagon unguwa yana da littafi. Ranar 20 ga wata, aljihu ya bushe, za a aiki yaro ya karɓo taliya da magi a rubuta. Farashinsa ya fi na kowa tsada, amma wani ɓangare na tsadar kuɗin wannan jiran ne, da na waɗanda suka ci ba su biya ba. Magidancin da ya kwashe cefanensa duka ya kai babban kanti ranar albashi, sannan ya dawo wa mai shago da neman bashi a tsakiyar wata, ya san irin kallon da ake yi masa.

In akwai tsarin da zai iya kama ƙasa a Kaduna, na Aldi ne, ba na Walmart ko Costco ba, kuma an ga alamar haka a ƙasashen da suka fi kama da tamu. BIM na Turkiyya, wanda ya fara a 1995 da ƙananan shaguna masu nau'in kaya ƙasa da 1,000, ya bazu har Maroko a 2009 da Masar a 2013. Shoprite kansa yana da irin wannan a gida mai suna Usave, a Legas ma Bokku ya ɗauki wannan hanyar. A Kaduna hakan na nufin shago mai girman falo biyu ko uku a cikin Tudun Wada da Unguwar Rimi da Kakuri da Sabon Tasha, inda za a zo da ƙafa, fanka da sola maimakon na'urar sanyi, firiza ɗaya ko biyu, kaya 'yan ɗaruruwa a cikin katan. Zai buƙaci rassa masu yawa a lokaci guda don sito ɗaya ya biya kansa, kuma layin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wajen kilomita 230, ya dace da motar da za ta je ta dawo a yini. Kayan da zai sa wa sunansa sai ya fara da waɗanda ido ke iya tantancewa, shinkafar gida da gari da man gyaɗa da sabulun wanki, don uwargidan da jabu ya taɓa ƙonawa ba za ta ba jaririnta madarar da ba ta san sunanta ba. Tumatir da nama kuwa gara ya bar wa Bakin Dogo da mahauta, don firjin da zai riƙe su shi zai fara cinye ribar.